Namiji Ɗaya Daga Kowane Gida

Sansanin leburorin dogo, kusa da Tianjin
Sha biyu ga wata na tara, shekarar Alade

Zuwa ga Yaya Lanying,

Gaisuwa mai yawa. Ki durƙusa wa Baba a madadina, ki ce ɗansa Mantun, Na Biyunsa, yana gaishe shi, goshi a ƙasa. Yaya idon nasa, har yanzu hasken taga kawai yake gani? Yaya bayanki da zaman kaɗi? Ni dai lafiyata ƙalau, har kumatu na yi, in kin gan ni sai kin tambaya ɗan gidan wa ne.

Bayan haka, na san kina can kina zagina, wata biyar ba labari. Ba laifina ba ne. Kogin Hatsi ya mutu, Yaya. Shinkafar sarki yanzu ta teku take bi a jiragen hayaƙin Turawa, ɗan abin da ya rage mana kuma ruwa ya janye, jirgi sai ya zauna daram a taɓo. Tsoho Kang da yake kawo miki wasiƙuna ya sayar da jirginsa, an faskara shi an yi itacen wuta. Shekara goma sha ɗaya ina jan igiyar jiragen hatsi, ranar da aka sallame mu ko ruwan shayi ba a ba mu ba. Abokina Pang Kui, wanda muke igiya ɗaya da shi, ya kwance ɗamararsa ya jefa a kogi ya ce shi gida ya yi. Ni na yi arewa.

Kar ki gaya wa Baba tukuna: aikin dogo nake yi. E, na Turawa. Abin da ya kashe mana kogi shi nake shimfiɗa wa hanya, na sani, ba sai kin faɗa ba. Amma sau uku ake ci a nan, kuma alkama ce. Foman ɗinmu wani Bature ne jajir, ba ya iya faɗin sunana, sai ya ce "Manti!" ni kuma in amsa da gudu.

Ga albishir. Mai dafa mana abinci ɗan coci ne, ya ce suna da ɗan saƙo da yake zagaya coci-coci duk wata, yana biyawa ta Rijiya Uku, kwana tara kacal. Feng da ya yi karatu a gaban Baba ai shi ne malamin cocin garinmu yanzu, shi zai miƙo miki. Ki ba shi amsa ya sa a jakarsu. Na haɗo da maganin ido a 'yar kwalba, ɗigo biyu safe da yamma.

Kin ga ƙanenki da wayo?

Mantun

*

Rijiya Uku
Biyu ga wata na goma

Na Biyu,

Wasiƙarka ta iso, mun ji kana raye kana cin alkama. Baba yana nan, ido ya rufe gaba ɗaya tun wata na bakwai, amma bakin nan nasa lafiya lau. Kaɗi kam na ajiye. Wa zai sayi zarena ga na Turawa fari fat a kasuwa, kuma ya fi araha? Ruwa rabonmu da shi tun wata na huɗu. Bara Rawayan Kogi ya cinye gonar, bana rana ta cinye. Alkama ko shukawa ba a yi ba, ƙasa ta ƙi garma.

Yanzu zo nan, mai wayo. Ka san yadda wayon naka ya shigo gidan nan? Da rana tsaka, mata cike da bakin rijiya, Feng ya ratso gari da wasiƙarka a hannu biyu ya ɗaga ta sama, ga jan hatimin gicciye ɓaro-ɓaro a bayanta, don duk abin da ya shiga jakarsu sai sun buga masa. Ya tsaya a ƙofa yana ɗaga murya: "Malam! Malam Dou! Saƙo daga Tianjin!" Murna yake yi, wawan, wai ya yi wa malaminsa hidima.

Mantawa ka yi, ko kumatun ne suka rufe maka ido? Shekara uku ke nan da 'yan coci suka ce filin haikalin Sarkin Ruwa nasu ne. Baba ya rubuta ƙara da hannunsa, ya haɗa da takardun gari na kaka da kakanni. Alƙalin gunduma ya karanta ya ce gaskiya tamu ce. Sai Fada, limamin cocinsu, ya aiko da 'yar takarda daga birni, kwana uku gaskiya ta koma tasu. Ba ka nan ranar da aka sa dattawan gari suka shirya tebur goma na abinci a ƙofar coci, suka durƙusa suna ba da haƙuri ana kaɗa ganga. Ni ina nan. Ni na wanke wa Baba gwiwar wando. Tun ranar gunkin Sarkin Ruwa yake zaune a rumbun Baffa Wen tare da ɓeraye, mutane kuwa sun ce shi ya sa ya riƙe ruwansa.

To, gidan wanda ya rubuta ƙarar nan, shi ka aiko wa gicciye. Jiya matar Baffa Wen ta tare ni a rijiya: "Lanying, ashe ku ma kun fara cin shinkafar coci? Ki ɗan sam mana mana." Na ce Mantun dako yake yi wa wani mai sayar da hatsi a Tianjin, hanya ce kawai ya samu. Ta ce "to", irin "to" ɗin nan nata.

Kar ka sake aiko komai ta hannun Feng. Kar ka sake, ka ji ni? Wannan wasiƙar Tsoho Ma mai gishiri zan ba, ya ce shi da jakinsa za su kai Tianjin in sun kai. Kwalbar na binne a bayan murhu, rubutun Turawa ne a jikinta. Baba ya tambaya me ka aiko, na ce gaisuwa.

Yayarka

*

Sansanin leburorin dogo
Sha biyar ga wata na sha ɗaya

Yaya,

Ina gaida Baba, ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, sai sanyi, yatsa na manne wa ƙarfe.

Wannan ce wasiƙa ta uku, kuma shiru. Na tambayi ɗan saƙo, ya ce Feng ya rantse hannu da hannu ya ba ki duka biyun. To me ya faru? In Baba ne, ki gaya mini, ni ba yaro ba ne. In kuwa fushi ne kan aikin dogo, ki zage ni a takarda, na saba da zaginki, har kewarsa nake yi.

Kar ki ɗauka ni daɗin aikin nake ji. Watan jiya layi ya faɗa kan maƙabartar wani ƙauye. Tsofaffinsu suka zo suka kwanta a kan kaburburan, sojoji suka janye su ta ƙafa. Mu aka ba shebur. Wata tsohuwa ta bi ni da tulu tana cewa, "Ɗan nan, a hankali, mijina ne." Na sa mata ƙasusuwan da hannuna. Ta kalle ni ta ce, "Kai ba ka da kabari a garinku?" Kwana biyu ban iya cin alkamar ba. Rana ta uku na ci, yunwa ba ta san wannan ba.

Ke dai ki yi ta shirunki. Duk wata sai na aiko, har ki gaji ki amsa. Kin san ni da naci.

Mantun

*

Rijiya Uku
Tara ga wata na ɗaya, shekarar Ɓera

Na Biyu,

Barka da sabuwar shekara, in akwai barka. Baba lafiya, ni ma. Bikin bana da dusa da ganyen bishiya muka yi shi, na yi wa Baba ƙarya na ce sabon salon girki ne, ya ce ya ji salon.

Tsoho Ma ya dawo da wasiƙata a jakarsa yadda na ba shi. Jakinsa ya gurgunce a Dezhou, bai kai ba. Wato duk wannan lokaci ba ka san komai ba, kana can kana naci. Ranar da na gane haka zama na yi a ƙasa. Yanzu zan haɗa masa biyun, ka fara karanta tsohuwar. Wasiƙunka huɗu Feng ya kawo, Mantun. A ta uku na ce masa, "Don girman malaminka ka daina zuwa ƙofar nan." Ya ce, "Yaya, amana ce, in jefar?" Ya ci gaba da zuwa.

Wasu masu tsafi da ake kira 'yan dambe sun shigo gari. A masussuka suke haɗuwa, da jan ƙyalle a ka. Ana ƙona takarda mai rubutu a jiƙa tokar a sha, mutum ya faɗi yana shure-shure, ya tashi da wata murya, sai a ce wani jarumin dā ya hau shi. A sara masa takobi a ciki, ba ta ci. Sun ce harsashi ma haka. Ban ce na yarda ba. Amma ka dubi samarin nan, ba gona, ba jirgi, ba abinci, ga wani ya zo ya nuna musu wanda ya jawo. Sun ce tsinin coci ne ya soki sama, dogo ya yanke jijiyar ƙasa, in aka share Turawa da mabiyansu ruwa zai sauko. Har ɗan Baffa Wen, wanda kaza ke kora, ya ɗaura jan ƙyalle.

Ka san wa suke kira Babban Wa? Pang Kui naka. Ya rame, sai ido. Shekaranjiya ya zo gidan nan, ya durƙusa wa Baba da ladabi, ya ce, "Ina ɗan'uwana na igiya?" Na yi masa ƙaryar mai hatsi. Muka fito tsakar gida, ya sassauta murya ya ce, "Sau huɗu, Yaya. Ba ni na ƙirga ba, gari ne ya ƙirga. Ba ni wasiƙun in nuna musu ba komai a ciki, magana ta mutu." Ya zan yi in ba shi, dogo a kowane layi? Na ce na ƙona. Ya kalle ni, ya juya ya fita.

Ga abin da suka yanke. In ruwa bai sauko ba, ran ɗaya ga wata na huɗu za a fito da Sarkin Ruwa daga rumbu a kai shi Baƙin Marmaro roƙo, kwana uku zuwa da dawowa, ba takalmi, ba hula, ba shan ruwa sai rana ta faɗi. Namiji ɗaya daga kowane gida. 'Yan coci ba sa zuwa irin wannan, kowa ya sani, don haka gidan da bai fito da namiji ba ya faɗi ko shi na wa ne, a shafa wa ƙofarsa ja. Gida biyu aka shafa wa ja a ƙauyen gabas, yanzu toka ne. Na ce wa Kui, "Ni fa? Ƙafata ta fi ta rabin mazan garin nan." Ya ce, "Haba Yaya, mace ko inuwarta ba a so a wurin."

Maza biyu gidan Dou yake da su, ɗaya makaho ne mai shekara sittin da takwas. Ka ajiye shebur ɗin nan ka taho.

Yayarka

*

Sansanin leburorin dogo
Sha takwas ga wata na biyu

Yaya,

Gaisuwa ga Baba, gaisuwa gare ki. Tsoho Ma ya same ni jiya, yana tsaye yana jira, a gurguje nake rubutu.

Na karanta biyun. Wayyo ni. Sau shida na aiko ke nan, biyu na baya ma ba ki lissafa ba, sun iso bayan kin rubuta. Ni da na ɗauka gata nake yi muku. Na daina, na rantse da kabarin Inna.

Amma Yaya, ba zan iya zuwa ba. Foman ba ya sakin kowa yanzu, hanya kuma ba kyau. Ki roƙi Baffa Wen ɗansa ya tsaya wa gida biyu, ai jini ɗaya ne. Ko ki tuna wa Kui ranar da igiya ta fizge shi a Linqing, wa ya faɗa ruwa ya ciro shi? Ba zai ƙona gidan da ya ci abinci a ciki ba.

Ba zan iya shiga gari yadda nake yanzu ba. Kar ki tambaye ni. Ki yi haƙuri.

Mantun

*

Rijiya Uku
Sha shida ga wata na uku

Mantun,

Baba yana raye. Ni ma. Iyakar gaisuwar ke nan.

"Yadda nake yanzu." Yaya kake yanzu? Ka yi ƙiba ne ƙofar gari ba za ta ci ka ba? Ko takalmin Turawa ka saba da shi, ƙafa ba za ta iya taka ƙasar ubanka ba? Wanda ya bar kogi ba tare da izinin kowa ba, yau shi ne foman ya riƙe. Tir! Sau uku na karanta ina neman inda ƙanena yake a takardar nan, ban gan shi ba.

Na bi shawarwarinka, kar ka ce ban bi ba. Baffa Wen ya ce namiji ɗaya gida ɗaya, Sarkin Ruwa ya iya ƙirga. Kui kuma na tuna masa Linqing. Ya ce, "Ban manta ba, Yaya. Me kike tsammani ya hana ƙofarku yin ja har yau, da wasiƙa shida?" Ya ce shi ma ba shi da iko yadda nake zato, samarin nan in ya ja su baya za su bi ta kansa.

Feng ya zo ta bayan gida, lokacin da maza suke masussuka. Duk 'yan cocin garin za su tashi su koma babban cocinsu mai ganuwa, tafiyar kwana biyu, can akwai bindigogi. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce, "Malam, ni na jawo muku. Ku zo mu tafi, ni zan goya ka. Ba wanda zai sa ka canza addini." Kuka yake yi. Ni dai a raina na ce, in mun bi shi mun zama abin da ake cewa mu ne, in mun zauna mun ƙone. Na rasa wadda zan zaɓa, na tsaya riƙe da ludayi kamar sakarya.

Baba ya lalubi kan Feng ya dafa, ya ce, "Rubutunka har yanzu yana karkata hagu?" Feng ya ce e. Ya ce, "Je ka, ka kula da mutanenka. Na durƙusa a ƙofar coci sau ɗaya, ya isa."

Da ya fita Baba ya ce mini, "Makaho ne ni, ba kurma ba. Na san dogo, na san wasiƙu, na san kwalbar da ke bayan murhu." Na ce to yanzu ya za mu yi, Na Biyu ba zai zo ba. Ya ce, "Wa ya ce miki gidan Dou ba namiji?" Tun ranar ya cire takalmi. Kullum da rana tsaka yana zagaya tsakar gida yana dafa bango, wai ƙafa yake horarwa. Na ɓoye sandarsa, na yi kuka, na yi faɗa, ya ce in matsa ina tare masa hanya. Tafin ƙafarsa duk ya tsage.

Tsoho Ma ya ce kwana ashirin zai yi kafin ya same ka, fita kuwa saura kwana sha huɗu. Na san takardar nan ba za ta kawo ka ba. Na rubuta ne don ka sani, ranar da kake cin alkamarka, wa yake tafiya a madadinka.

Lanying

*

Sansanin leburorin dogo
Goma ga wata na huɗu

Yaya,

Ban san ko akwai wanda za ki gaida mini ba. In Baba yana nan, ki riƙe ƙafarsa ki ce ni ne.

Duk abin da kika faɗa na karɓa. Amma bari in gaya miki yadda nake, da tuni na faɗa.

Ba ni da tukku, Yaya. A wata na sha biyu aka sa ni a injin da yake ɗura wa jirgin ƙasa ruwa. Na naɗe tukkuna a ka kamar kullum, na sunkuya in zuba mai, ya warware, bel ɗin injin ya kama shi. Ji na yi an fizge ni ta ƙeya, fuskata saura kaɗan ta shiga ƙarfe. Foman ne ya sare shi da gatari. Ya ceci raina, ba zan ce bai ceta ba. Amma injin ya tafi da fatar ƙeya kamar tafin hannu, wurin ya warke sumul, likitansu ya ce gashi ba zai sake fitowa a nan ba. Foman har dariya yake yi, wai yanzu na waye.

Kunya ce ta fara hana ni faɗa. Gashin da Inna ta fara kitsa mini, da Baba yake cewa ba nawa ba ne, nasu ne, aro suka ba ni. Daga baya tsoro ya hana ni, kar a buɗe wasiƙar a hanya.

Kin san abin da ake yi wa marar tukku yanzu. A kowace gada akwai masu jan ƙyalle, abu na farko hula suke cirewa. Mai dafa mana abincin nan, wanda ya nuna mini hanyar saƙo, nasa tukkun ya yanke da kansa bara don burga. Ya sayi na ƙarya ya ɗinke a hula ya kama hanyar gida. A gada ta biyu suka ja. Masu ɗauko mana gawayi ne suka ga abin da ya rage.

Nan ma ba zama ba ne. Ana cire mana ƙusoshin layi, ana sare sandunan waya. An kewaye sansanin da waya mai ƙaya, ba mu san ko kare mu ake yi ko tsare mu ba. Turawan sun daina juya mana baya, foman da bindiga yake cin abinci. A waje ni karen Turawa ne, a ciki ni ɗan dambe ne da bai ɗaura ƙyalle ba tukuna.

Ran ɗaya ga wata ban san komai ba, ina nan ina zuba wa inji mai. Baba ya fita? Ya dawo? Ki gaya mini. Kalma ɗaya za ki rubuto, ki ce zo, in ratsa wayar nan in taho, ko a gada ta nawa zan tsaya. Na gaji da zama da rai a nan.

Ƙanenki

*

Rijiya Uku
Huɗu ga wata na biyar

Ƙanena, Na Biyuna,

Ina gaishe ka. Ƙeyar tana yi maka ciwo in rana ta yi zafi? Ka riƙa rufewa. Ka yafe mini abin da na rubuta, in ba ka ƙona takardar ba ka ƙona.

Baba ya fita. Ni na kai shi bakin gari, iyakar inda mace take tsayawa. Kui ya kama hannunsa ya ɗora a kan sandar da ake ɗauke da Sarkin Ruwa, ya ce, "Malam, riƙe nan, mu ne idonka." Ya kai Baƙin Marmaro da ƙafarsa. Shi ya karanta roƙon, da ka, an ce har na bayan layi sun ji. A hanyar dawowa, rana ta biyu da la'asar, ya saki sandar ya zauna a gefen hanya, ya ce a ci gaba kar a tsaya dominsa. Sun miƙa masa ruwa, ya tambaya ko rana ta faɗi, suka ce saura kaɗan, ya ce to a bari. Kui ne ya goyo shi har gida. Ƙafarsa ni na wanke, ba zan gaya maka ba.

Gari kaf ya zo ya durƙusa. Matar Baffa Wen ta kawo gero a kwano tana sharɓar hawaye. Ba wanda ya sake maganar wasiƙa. Ruwa kuwa bai sauko ba. Suka ce saboda cocin yana tsaye ne, suka ƙone shi. Feng ya ji rasuwar, ya baro ganuwarsu da bindigoginsu ya yi tafiyar kwana biyu don ya durƙusa wa gawar malaminsa. Ya durƙusa. A ƙofarmu suka kama shi yana fita, suka tafi da shi masussuka, bai dawo ba. Har yanzu ba ruwa.

Akwatin Baba ya yi wata guda a ɗaki. Ka san ba a ɗaga gawa sai ɗa ya fasa kasko a ƙofar gida. Kullum Kui sai ya leƙo: "Yaya, yaushe ɗan'uwana zai iso? Ki faɗi rana, in tare shi a hanya da mutum ashirin, kar wani ya taɓa shi." Da zuciya ɗaya yake faɗa. Da wannan bakin kuma yake ba ni labarin mutum uku marasa tukku da suka kama a kasuwar gunduma, sun sayar wa Turawa kansu, in ji shi. Ni ma ranar jiranka nake yi, ina cewa ko don kasko ai ka zo.

Sai shekaranjiya Tsoho Ma ya kawo wasiƙarka. A tsaye na karanta, na sa ta a murhu. Ban gama juya tokar ba Kui ya shigo, an gaya masa Ma ya zo. Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Mantun ya mutu. Zazzaɓi ne, tun wata na uku. Mai hatsin ne ya rubuto."

Ban shirya ba, haka ta fito. Ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska ya yi kuka, kuka na gaske, yana cewa shi ya sa, shi ya sa bai zo ba, na san ɗan'uwana. Ni ma na yi, ba wanda ya san na me nake yi.

Jiya aka binne Baba. Ɗan Baffa Wen ne ya fasa kaskon, kuma ka san doka, wanda ya fasa shi ya gada. Gona da gida nasa ne yanzu. Sun bar mini ɗan ɗakin baya, ya ishe ni. Na rubuta sunanka a allon matattu da alƙalamin Baba, na kafa kusa da nasa. Da Baba ya gani, da ya yaba rubutun.

Ka ce in rubuto kalma ɗaya. Ga ta: kar ka zo. Ba bana ba, ba baɗi ba, ko ruwa ya sauko, ko 'yan dambe sun watse. In ka shigo garin nan kai za a kashe don ƙeyarka, ni don ƙaryata, Baba kuma ya yi tafiyarsa a banza. Kar ka rubuto. Tsoho Ma ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, daga Tianjin gabas zai yi wurin 'yarsa, bai san abin da ya ɗauka ba. Ka fita daga wayar nan in ka sami hanya, ka bi teku, ka nemi wani suna, ka yi aure. In ka haifi namiji ka gaya masa kakansa malami ne.

Ran sha biyar ga kowane wata, da hantsi, zan ajiye maka kwanon kunun gero a gaban allonka, yadda ake yi wa matattu. Kai kuma duk inda kake, ka nemi wani abu ka ci a daidai wannan lokacin.

Yayarka, wadda ba ta da ƙane